Abin da Turbo Ya Haɗiye

Surukata ta wanke mijina da mari a barandar asibiti, a gaban ma'aikatan jinya da masu jiran likita. Mutum mai furfura a kai, mai garejin kansa, amma ko hannu bai ɗaga ya shafa kuncin ba. Ni ce na yi ƙara kamar ni aka mara.

Ga abin da ya kai mu can. Ƙanensa Gwang-sik, autan gidan, ya ɗauko matarsa Hye-ran mai tsohon ciki za su gaishe da iyayenta. Suna tsakiyar hawan dutsen Jingogae, inda hanya ke ta murɗewa, sai motar ta fara kuka kamar jiniya, ta turnuƙe bayanta da hayaƙi, ƙarfinta ya zube gaba ɗaya. Tirelar kabeji da ke biye da su ta taka birki, ta kwashe musu madubi, ta yage ƙofa, ta je ta tsaya a jikin ƙarfen gefen hanya. Ba wanda ya karye. Amma Hye-ran ta firgita har mararta ta fara murɗawa, likita ya ce a kwantar da ita a gani.

Motar kuwa mijina Du-sik ne ya zaɓo ta. Ta hannu ce, mai shan dizal. Ya bi ta lungu-lungu da hannunsa, ya zuba sabon baƙin mai, ya sa sabuwar matatar iska, ya gyara birki, sannan ya miƙa wa ƙanensa makulli ya ce ya ɗauki jariri a ciki hankalinsa kwance. A gaban Inna, surukar tawa, ya faɗi haka, kuma Inna ba ta mantuwa.

"Da bakinka ka ce lafiyarta ƙalau," in ji ta. "Ka kwashi ƙanenka da matarsa da abin da ke cikinta ka zuba su a akwatin gawa mai taya!"

"Inna, ki bari in duba tukuna."

"Ka duba me? Ashe da can ba ka duba ba?" Ta juya ta dubi mutanen da ke zazzaune a benci. "Ku zama shaida. Duk wanda ya kai mini yaran nan bakin kabari ba zai tsaya gaban teburin ubansu ranar Chuseok ba. Ko waye shi."

Chuseok, bikinmu na lokacin girbi, saura 'yan kwanaki. Tun shekarar da teku ta cinye mahaifinsu, Du-sik ne ke zuba kofin farko a gaban hotonsa da safiyar bikin, shi ne ke fara durƙusawa, sauran su biyo baya. Babban ɗa ke nan. A hana shi wannan, daidai yake da a ce wa duk garin Jumunjin ba shi da uwa ba shi da uba. Na san mijina, da a rufe masa gareji da a yi masa haka, gara a rufe garejin.

A gida na sauke masa duk abin da na haɗiye a asibiti.

"Baban Ara, bakinka ciwo yake yi? Mota ba ta lalacewa ne sai a hannunka? Da autanta ne ya yi wannan, da cewa za ta yi laifin dutse ne!"

Yana ta juya cokali a miya bai sha ba. Can ya ce, "In kuma ni ne fa?"

"Kai ne me?"

"In na manta wani abu a ciki fa, Maman Ara? Noti ko tsumma. Hannu ne, yana kuskure."

Shekarun da na yi ina zaune a garejin nan, ina amsa waya ina odar kayan gyara, ban taɓa jin ya yi shakkar hannunsa ba. Tsoro ya kama ni, sai na huce haushina a kan kwanuka.

Washegari da hantsi janwe ya ajiye motar a bakin gareji. Kafin a sauke ta, saƙon Inna ya riga ya iso: kada a taɓa ko noti ɗaya sai ta zo, don kada a binne abin da ya kamata a gani. Ta rufe rumfarta ta busasshen kifi, abin da ko zazzaɓi bai taɓa sa ta yi ba, ta taho da ƙawayenta biyu na kasuwa, da Gwang-sik yana biye da ita idanunsa sun yi ja saboda kwanan asibiti. Na kawo mata kujera ta ƙi zama. Ta tsaya a gaban mota da takalmin robarta, ta harɗe hannu a baya kamar mai sa ido a wurin awo.

"Matar Yaya, ki yi haƙuri," Gwang-sik ya raɗa mini. "Ni ban ce Yaya ne ba."

"Ba ka ce ba shi ba ne kuma," na ce masa. Ya sunkuyar da kai.

Du-sik ya tayar da injin. Nan take kukan ya taso, siriri mai shiga haƙori, salansa ta fara fitar da hayaƙi mai ruwan toka da ƙaurin mai. Ya kashe da sauri. Ya jona na'urarsa, ya karanta, ya ce iskar da ke shiga injin ba ta kai yadda ya kamata ba.

"Ka yi mana maganar mutane," in ji Inna.

"Mota ba ta samun numfashi, Inna. Ko dai wani tiyo ya fashe iska na zurarewa, ko kuma turbo ya mutu."

Ina ta addu'a a raina tiyo ne, don tiyo kan tsage da kansa ba da laifin kowa ba. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da tocila, yana matsawa yana lanƙwasawa, yana shafa ƙasansu da yatsa. Duk lafiya lau. Da ya kwance na ƙasa sai baƙin mai ya tsiyayo masa har gwiwar hannu.

Ɗaya daga ƙawayen Inna ta matso kusa da ita, wai raɗa take yi, amma har bakin titi ana ji.

"Ni dai na faɗa. Motar da ba a yi wa sadaka ba, ba a zuba wa tayoyinta giyar makolli ba, ba a ɗaura mata kifi ba, me ake jira? Matar nan ta coci ita ta ja musu."

Gaskiya ne Hye-ran ta hana. Da aka kawo motar, Inna ta so a yi abin da kowa ke yi, a shimfiɗa tabarma a gabanta, a durƙusa, a zuba wa tayoyi giyar shinkafa, a naɗe busasshen kifi da farin zare a bar shi a ciki, idonsa a buɗe yana gadin hanya, tsawon zaren kuma tsawon rai. Hye-ran ta ce ita an yi wa motarta addu'a a coci, ba za a sa mata kifi ba. Na ɗauka Inna za ta kama wannan maganar da hannu biyu, sai na ji ta daka wa ƙawar tsawa.

"Rufe mana baki. Ta wannan gefen ba abin da ya rage. Matsalar a hannun wancan take."

Du-sik ya goge hannunsa ya nuna mata turbon, can a gefen injin. Ƙarfe ne mai siffar katantanwa, bai fi a rungume shi da tafi biyu ba. Ya yi mata bayani a hankali, kamar yana karanta wa kansa hukunci. A cikinsa akwai 'yan fankoki biyu a kan sanda ɗaya. Hayaƙin injin na juya ta baya, ta gaba kuma na zuƙo iska tana ɗura wa injin, da gudun da ido ba ya gani.

"Abu biyu ke kashe shi, Inna. Ko ya rasa mai, boris ya ƙone. Ko kuma ya haɗiyi wani abu."

"Wa ya zuba man?"

"Ni."

"Wa ya buɗe inda zai haɗiyi wani abu?"

"Ni na canja matatar iska."

"To," ta ce. "Buɗe."

Ya sassauta noti, ya zare babban tiyon da ke kawo iska daga akwatin matata zuwa bakin turbo, ya haska. Ina tsaye a bayansa, na leƙa ta kafaɗarsa. Fankar da ya kamata ta yi sumul tana ƙyalli duk ta ciccije, bakinta ya lanƙwashe, wasu fikafikan sun guntule. Ba yunwar mai ba ce. Wani abu ya shiga. Na ga bayan wuyan mijina ya jiƙe da gumi, na san abin da yake tunani: notin nan, tsumman nan.

Ya zura yatsu biyu ya taɓa sandar. Ta yi lako-lako, kuma ta ƙi juyawa. Ya sake zurawa, ya tsaya. Ya ɗauko siririn filaya ya kamo wani abu a bayan fankar ya fara ja. Abin ya biyo shi, ya yi ta biyowa, baƙi ƙirin da mai, siriri, ba ya ƙarewa. Na ɗauka zaren tsumma ne, har na rufe ido. Da na buɗe sai na ga ya kawo ƙarshensa, da wani ƙulli a jiki, da wani ɗan abu mai ƙaya maƙale a ƙullin. Ya murza shi da babban yatsa, man ya goge. Zaren fari ne, mai sheƙi.

Ya daskare. Ya dube shi, ya dubi akwatin matata, sannan a hankali ya dunƙule hannunsa ya kai shi bayansa.

"Me ka ɓoye?" in ji Inna.

"Ba komai. Datti ne."

"Kawo in ga dattin."

"Inna, na gano. Laifina ne. Tsumma na manta. Ki tafi gida, na karɓa."

Kaina ya yi dum. Ban ga abin da ya gani ba tukuna, abin da na ji kawai shi ne mijina na miƙa wuyansa. "Baban Ara, ka haukace ne?" na ce. "Wane irin tsumma ne da ƙaya?"

"Yi shiru!" Bai taɓa yi mini tsawa a gaban mutane ba sai ran nan.

Inna ta tako har gabansa. Kanta bai wuce ƙirjinsa ba, amma hannun da ya shekara yana farke cikin kifi ba hannun wasa ba ne. Ta cafko wuyan hannunsa ta jawo shi gaba.

"Ka ɗauka ni yarinya ce? Abin da ka yi ya fi tsumma, shi ya sa kake ɓoyewa. Buɗe!"

"Don girman Baba, Inna, ki bari."

"Kada ka sake ka ambaci ubanka da wannan bakin. Buɗe, na ce!"

Ta fara ɓamɓare yatsunsa ɗaya-ɗaya. Ƙato kamar Du-sik, da ya so ko gezau ba za ta sa ya yi ba, amma ta yaya zai yi kokawa da uwarsa? Hawaye na zuba a fuskarsa yana kallon rufin gareji. Yatsan ƙarshe ya saki.

Ta tsaya tana kallon tafin hannunsa. Ta ɗauki zaren ta kai kusa da idonta, ta juya ƙullin. Kowa a kasuwar Jumunjin ya san ƙullin Inna, wanda take wa ɗaurin kifinta, mai kunne ɗaya a gefe don a ja ya warware. Ƙawayenta sun gane shi kafin ni. Ɗaya ta dafe ƙirji, ɗayar ta toshe baki da gefen gyalenta.

Ba wanda ya nuna mata komai. Ta saki hannunsa, ta zagaya ta ɗaya gefen motar, ta miƙa hannu kan baƙin akwatin roba na matatar iska, ta ɓalle maƙalansa tas, tas, tas, kamar wadda ta saba. Tsigar jikina ta tashi. Tsohuwar da ko rediyon mota ba ta iya kunnawa ba!

Ta ɗaga murfin. A kan farar takardar matata, ga kan kifi a kwance, bakinsa a hangame, idonsa a buɗe. Sauran jikin duk ya marmashe saboda girgizar hanya, ya zama gari da ƙayoyi, iska ta yi ta jan su tana kai wa turbo. Zaren da aka naɗe shi da shi saura ɗan kaɗan, bakinsa ya miƙe ya shige ramin tiyo. Watanni yana nan. A garin da ko kuɗin aljihunka warin kifi suke yi, wa zai lura?

"Inna," in ji Gwang-sik. "Inna, ke kika sa wannan?"

Ba ta dube shi ba. Da murfin take magana.

"Ranar da kuka zo cin abinci. Kuna ciki, na ɗauki makulli a aljihun rigarka. Na ga yadda yayanka ke ɗaga murfin gaba." Ta shafa murfin da yatsa. "Na ce in na sa a but ɗin baya, matarka za ta gani ta yar. In na ɗaura a jikin ƙarfe, kyanwa za ta cinye. Sai na ga akwati mai maƙalai irin na robar da nake tsima kabejin kimchi. Na buɗe, ga shi a bushe, tsaf, har da farar takarda a shimfiɗe. Na ce ai don wannan aka yi shi. Na zaɓo ƙarami, mai kyan ido."

Gwang-sik ya zube a kan tsohuwar taya ya riƙe kansa da hannu biyu. "Tirelar nan, Inna. Na ga fuskar direban. Hye-ran na ta kiran sunana."

"Ba kifin ba ne," Du-sik ya tari numfashinsa da sauri. "Turbon ya riga ya tsufa, Inna. Ko ba kifi, da ya mutu. Ni ya kamata in gani tun farko."

"Kifi nake sayarwa, Du-sik, ba hankalina ba." Ta juyo, ta tsallake 'ya'yanta biyu da ido, ta sauke shi a kaina. "Maman Ara. Ke ba ki taɓa rufa mini asiri ba, kada ki fara yau. Da ban sa ba, da motar ta mutu a hawan nan?"

Tun jiya nake jiran wannan lokacin. Na shirya maganganu a raina masu zafi, na jera su, na wasa su. Ga shi an ba ni fili, kuma na rantse da ƙasa za ta tsage da na shige. Mijina na girgiza mini kai ta bayanta. Amma idon nan nata ba ya karɓar ƙarya, kuma na san in na yi mata, raini ne, ba tausayi ba.

"A'a, Inna," na ce. "Da ba ta mutu ba."

Ta gyaɗa kai sau ɗaya. Ta ciro hankici daga aljihun zanen aikinta, ta ɗauki kan kifin ta naɗe, ta haɗa da zaren. Ta dubi kuncin Du-sik, inda har lokacin akwai shatin yatsunta, ta ɗaga hannu kamar za ta taɓa, sai ta mayar. Ta fita. Ƙawayenta suka bi ta, ta ɗaga musu hannu ba tare da ta waiwayo ba, suka tsaya.

Kwana biyu bayan haka aka sallami Hye-ran, ita da cikinta lafiya. Gwang-sik ya gaya mata komai. Ta yi kuka, ta yi fushi, sannan ta ce a kai ta wurin Inna, amma Inna ta aiko cewa tana da aiki. Du-sik ya sa sabon turbo, ya wanke duk hanyoyin iska, ya tsince ƙayar kifi da filaya har ya gaji. Ba wanda ya ce masa ya zo biki, ba kuma wanda ya ce kada ya zo.

Da safiyar Chuseok muka tafi gidan Inna, Du-sik na sanye da baƙar kwat ɗinsa, yana tafe kamar mai zuwa kotu. Muka tarar ta gama komai ita kaɗai. Tebur ya cika, 'ya'yan itace a jere, wainar shinkafa, miya na tururi, hoton Baba a goge. Ta miƙa wa Du-sik butar giya da hannu biyu. Na ji numfashin da ya saki, na ce a raina shi ke nan, an wuce wurin.

Sai ta juya ta nufi ƙofa ta fara sa takalmi.

"Inna, ina za ki?" in ji Du-sik. "Yanzu za a fara."

"Ku fara."

"Ba tare da ke ba?"

"Na faɗa a gaban mutane, na ce su zama shaida. Na ce ko waye."

"Haba Inna!" Gwang-sik ya tare ƙofa. "Maganar fushi ce. Wa zai riƙe ki da ita?"

"Da yayanka ne, da na riƙe shi da ita. Matsa mini."

Hye-ran ta taso da ƙyar da cikinta ta kama hannun rigarta tana kuka, tana cewa ta yafe, ita ma da laifinta. Inna ta shafa mata ciki, ta zare hannunta a hankali, ta fita. Du-sik ya bi ta tsakar gida da safa a ƙafa, ya durƙusa a kan siminti ya ce ba zai zuba kofin ba sai ta shigo.

"Za ka bar ubanka da yunwa saboda ni?" ta ce. "In ƙara wannan a kan wancan? Tashi, miya na hucewa."

Ya tashi ya dawo. A al'ada akan bar ƙofa a buɗe don mamaci ya shigo ya ci, don haka duk muna ganinta. Ta kifa bahon roba a gindin shanyar kifi ta zauna a kai, ta ba mu baya. Du-sik ya ɗaga buta, ya cika kofin har giya ta zuba a kan tebur. Ya durƙusa ya kai goshi ƙasa, ya daɗe bai ɗago ba, kafaɗunsa na girgiza, mu kuma muna tsaye a bayansa muna jiran ya tashi mu yi namu.